Aiki daga gida da rainon ƙananan yara: abin da na'ura ke iya yi da abin da sai mutum

Wata rana cikin watan Afrilu ina tsakiyar taron aiki ta bidiyo daga ɗakina, sai hoton abokan aiki ya daskare a kan allon kwamfuta. Na ɗauka wuta ce aka ɗauke kamar yadda aka saba a lokacin zafi. Da na waiga sai na ga ɗiyata mai shekara biyu riƙe da wayar akwatin wifi, tana dariya. Koren hasken da ke ƙyaftawa a jikin akwatin ne ya ja ta. An ƙare taron ba ni, amma abin da ya hana ni barci daren nan shi ne tunanin cewa hannunta ya kai har bakin soket ban sani ba.

Duk mai aiki daga gida da ƙananan yara yana da irin wannan labari. Tambayar da ake yawan yi ita ce: wace na'ura zan saya in samu sauƙi? Akwai na'urorin da ke taimakawa ƙwarai, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ya kamata a san iyakarsu tun farko. Na'ura tana tsare aiki daga yankewar wuta, da raunin rezo, da hayaniya. Tsaron yaro kuwa sai mutum.

Yadda abin ya shigo mana

Kafin shekarar 2020 mutane kaɗan ne a Nijar suka san aikin biro daga gida. A ranar 19 ga watan Maris na shekarar aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasar, aka rufe makarantu, ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka mayar da ma'aikatansu da dama gida. Cutar ta lafa, amma ɗabi'ar ta zauna. Yau a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai masu fassara, ƴan jarida, masu lissafin kuɗi, masu shigar da sakamakon bincike a kwamfuta da masu zanen talla da ke yin rabin aikinsu ko dukansa daga ɗaki. Ga kuma mata masu sayar da atamfa, turare da abinci ta WhatsApp da Facebook, waɗanda wayarsu ce shagonsu.

Idan aka kwatanta da manoma, makiyaya da ƴan kasuwa, waɗannan mutane ba su da yawa. Amma kusan dukansu iyaye ne. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kuma binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar a 2021 ya nuna mace na haihuwar ɗiya 6,2 a matsakaici, bayan 7,6 a 2012. Gidan da babu ƙaramin yaro, na maigida ko na ɗan'uwa ko na maƙwabci, abu ne mai wuyar samu.

Matsalar farko: «ai tana gida»

A wurinmu wanda ya fita shi ne ya tafi aiki. Wanda ke gida kuwa ana ɗaukarsa mai lokaci. Baƙo zai yi sallama ya zauna, maƙwabciya za ta aiko yaro aron turmi, a kawo goron biki ko sanarwar zanen suna, kuma rashin fitowa a gaisa abin kunya ne. Mace ta fi shan wannan wahala, don ko tana rubuta rahoton da za a biya ta jaka ɗari a kansa, ita ake jira ta ɗora tukunya, ita yaro ke nema idan ya faɗi.

Yaro ɗan shekara biyu ko uku bai san taro ba. Yana ganin uwarsa ko ubansa zaune, saboda haka nasa ne. Shi kuma aikin tunani, kamar fassara ko lissafi, idan aka katse shi yana ɗaukar lokaci kafin hankali ya koma inda ya tsaya. Mai ƙoƙarin haɗa biyun a lokaci guda yakan ƙare da aiki mai kurakurai da yaro mai kuka. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ake iya yi shi ne a raba lokaci, sannan a sa na'ura ta kare lokacin da aka ware wa aiki don kada ya lalace.

Wuta kafin komai

Idan uwa ta samu awa biyu yaro na barci, sannan wuta ta ɗauke a daidai lokacin, ranar ta tafi. Shi ya sa kuɗin farko ya kamata su tafi ga wuta. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ake sha a ƙasar daga can take zuwa, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, da ta Malbaza mai megawat 7, sun rage gibin. Duk da haka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, yankewar wuta ba ta ƙarewa.

Kayan aikin biro ba su cin wuta da yawa. Kwamfutar hannu tana cin wat 45 zuwa 65, akwatin wifi kusan wat 10. Mu ce wat 60 gaba ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗawa da fanon hasken rana, yana ajiye kimanin wat 1200 na awa guda. Idan na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan, waɗanda za su riƙe kwamfuta da wifi awa takwas ko kusa da haka bayan an cire abin da na'urar juya wuta ke ci. Da zarar an ƙara fanka, lokacin zai ragu kusan da rabi, kuma a ɗakin da jariri yake fanka ba abin wasa ba ce, don haka a sa ta cikin lissafi tun wajen saye.

Wanda bai da ƙarfin wannan yana iya farawa da ƙanana biyu. Akwai ɗan ƙaramin batir da ake haɗa wa akwatin wifi shi kaɗai, yana riƙe shi awowi bayan wuta ta tafi. Akwai kuma batirin aljihu mai lamba 20 000, wanda ke cika waya sau uku ko huɗu. Kwamfutar hannu da ma tana da nata batir, shi ya sa ta fi ta tebur dacewa da garuruwanmu. A kula kada a ɗora ta kan katifa ko matashi, don hakan na toshe hanyar iskarta, kuma a riƙa share ƙura musamman lokacin hunturu.

Layi biyu sun fi ɗaya

Bayan wuta sai intanet. Ƙarfin rezo yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci daga ɗaki zuwa ɗaki. Dabarar da ta fi araha ita ce riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, daga cikin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, ta yadda idan ɗaya ya yi rauni a juya ga ɗayan cikin minti guda. Kafin a sayi akwatin wifi yana da kyau a gwada kowane layi a ainihin ɗakin da za a yi aikin, da safe da kuma dare. Tun watan Maris na 2025 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a ƙasar da izinin hukuma. Yana da sauri, amma kayansa na da tsada kuma yana cin wuta sau da yawa fiye da ƙaramin akwatin wifi, saboda haka ya fi dacewa da mai manyan ayyuka ko gidaje biyu uku da suka haɗa kuɗi.

Taron bidiyo na awa ɗaya yana iya cinye rabin giga zuwa giga guda. Idan aka kashe kyamara aka bar murya, abin da ake ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, kuma maganar ba ta yawan yankewa. Ga mai goyo akwai ƙarin riba: tana iya sauraron taro tana shayarwa ko tana jijjiga yaro. A kunna kyamara lokacin gaisuwa da lokacin da ake da magana, sauran lokacin a kashe.

Wani abin da ke rage dogaro da rezo shi ne sauke takardun aiki da dare ko da asuba, a yi aikin ba tare da intanet ba, a aika daga baya. Google Docs da Word duka suna ba da damar haka. A Gmail da Outlook kuma ana iya rubuta saƙo ƙarfe biyar na asuba a tsara shi ya tafi ƙarfe takwas. Mai sayar da kaya ta waya tana iya amfani da WhatsApp Business, inda ake jera kaya da farashinsu, a kuma ajiye amsa mai tafiya da kanta da ke gaya wa mai saye lokacin da za a amsa masa.

Kunne da ƙofa

Abu na uku shi ne na'urar sauraro mai makirfo kusa da baki. Tana ɗaukar muryar mai magana fiye da kukan yaro, carar zakara ko dakan maƙwabta. Zoom, Teams da Google Meet duka suna da wurin rage hayaniya da wurin ɓoye abin da ke bayan mutum. A Zoom, idan makirfo na kashe, danna dogon maɓallin tazara a riƙe yana buɗe shi, sakinsa kuma yana rufewa. Akwai sharaɗi guda: idan babu wani babba tare da yaron, kada a toshe kunnuwa biyu. A bar ɗaya a buɗe.

Ƙofa ma kayan aiki ce. Yaron da ba ya ganin uwarsa yakan manta da ita ya yi wasansa, wanda ke ganinta kuwa ba zai daina zuwa ba. Inda babu ɗakin da za a ware, labule da tebur mai tsawo suna taimakawa. Daga shekara uku zuwa huɗu yaro na iya gane alama, misali wani ƙyalle da ake ratayawa a ƙofa, ko ƙararrawar waya da za ta buga bayan minti ashirin. Abin da ke sa dabarar ta yi aiki shi ne cika alkawari. Idan ƙararrawa ta buga a tashi a je wurinsa, ko da saura layi biyu a gama.

A bi agogon yaro

Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yaro kan yi barci fiye da babba da awowi da dama, kuma a cikin wannan rata ne lokacin aiki mai nauyi yake. A gidajenmu lokuta uku ne suka fi samuwa: bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, barcin rana bayan azahar, da kuma bayan isha'i. Aikin da ke son natsuwa a kai shi can. Amsa saƙonni da shirya takardu a bar su ga lokacin da yara ke kai da kawo. Sai dai kada a cinye lokutan uku duka kullum. Wanda ya tashi ƙarfe biyar ya kuma kai sha biyun dare yana aiki ba zai yi wata guda ba jikinsa ya gaza.

Mai aiki da ƙasashen waje ya lura da bambancin agogo. Dakar, Abidjan, Bamako da Wagadugu suna bayanmu da awa ɗaya. Faransa tana daidai da mu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin tana gabanmu da awa ɗaya. Montreal da New York suna bayanmu da awa biyar ko shida, wato safiyarsu ita ce la'asar ɗinmu, lokacin da yara suka tashi daga barci. Sanin wannan yana ba mutum damar neman a sa taro a lokacin da ya san akwai mai riƙe masa yaro.

Waya ba ƴar raino ba ce

Hanya mafi sauƙi ta samun shiru ita ce a miƙa wa yaro waya. Kowa ya taɓa yi. Amma a ƙa'idojin da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2019, ba a so jariri da ɗan shekara ɗaya su zauna kallon allo ko kaɗan, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Hukumar ta kuma ce yara masu shekara 1 zuwa 4 su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum. Dalili shi ne yaro yana koyon magana daga wanda ke amsa masa, yana koyon tafiya da riƙo daga wasa da ƙasa, gwangwani da sauran yara. Bidiyo ba ya amsa masa, balle wanda ke cikin harshen da ba a yi a gidan.

Ga wanda ya kai shekara biyu, a ajiye wannan awa ɗaya don lokacin da ake matuƙar buƙata, kamar taro mai muhimmanci. A sauke abin kallon tun da wuri, a kashe intanet, a kafe allon kan abu guda, wanda wayoyin Android ke ba da damar yi. Kuma kada ta zama wayar aiki. Yatsan yaro na iya goge takarda, ko ya aika hoton gida cikin zauren WhatsApp na ma'aikata.

Tsohuwar waya tana da wani amfani: a ajiye ta nesa da gadon jariri mai barci, a kira ta daga ɗakin aiki a bar layin a buɗe, za a ji motsinsa. Wannan na yaro mai barci ne kawai. Ba ta tsare yaron da ke yawo a tsakar gida.

Haɗarin da kayan aikin ke kawowa

Biro a gida yana shigo da abubuwan da ba a saba da su ba a inda yara ke rarrafe. Wayar ƙarin soket da ke kwance a ƙasa ita ce ta farko. A ɗaga ta a kafe a bango ko a ƙarƙashin tebur, a toshe ramukan da ba a amfani da su, a cire caja idan an gama, don yara na sa bakinta a baki. Ƙananan batura masu kama da kwabo, na rimot da agogo, idan yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awowi kaɗan, kuma abu ne na gaggawar zuwa asibiti. Batirin dalma yana da ruwan asid kuma yana fitar da iska lokacin caji, don haka a ajiye shi wuri mai iska da yaro ba ya kaiwa. Injin wuta kuwa kada a taɓa kunna shi cikin ɗaki ko bakin taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Akwai haɗarin da ba na na'ura ba ne amma aikin ke ƙara shi. Saboda yankewar famfo muna tara ruwa a bokiti, baho da duro. Yaro mai koyon tafiya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, cikin ƴan mintuna kuma ba tare da ƙara ba. Kafin a zauna gaban kwamfuta a rufe ruwa, a duba murhu da bututun gas, a rufe ƙofar gida.

Wa ke riƙe da yaron?

Duk abin da aka lissafa a sama yana aiki ne idan akwai amsar wannan tambaya. A nan muna da abin da iyaye a Turai ke nema da kuɗi masu yawa: kaka, gwaggo, inna, abokiyar zama, maƙwabciya. Amma a yi maganar a fili. A gaya wa mutum daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ranaku kaza, kuma a saka masa da wani abu, ko kuɗi ko hidima, don kada zumunci ya gaji. Mata biyu masu aiki daga gida a unguwa ɗaya suna iya karɓa-karɓa, wannan ta riƙe yaran da safe, waccan da marece. Yaron da ya isa shiga ajin share fage na lakwal, safiyarsa ta zama lokacin aiki.

Uba da ke aiki daga gida shi ma yana cikin lissafin. Idan ya rufe ƙofa yini guda ya bar komai ga matarsa, alhali ita ma tana da aikin da ake jira, to ita ce ke biyan kuɗin natsuwarsa. Awa biyu da zai ɗauki yara su fita ko ya yi musu wanka suna iya zama su ne duk lokacin aikinta na ranar.

Sannan akwai abin da ba mu cika son faɗa ba. Sau da yawa mai rainon yarinya ce ƴar shekara goma ko sha biyu da aka ɗauko daga ƙauye, ko babbar ɗiyar gida da ake hana zuwa lakwal ranar da aiki ya yi yawa. Dokar aiki ta Nijar, ta watan Satumban 2012, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Ko ba doka, yarinya ƙarama ba ta iya ceton jariri idan wani abu ya faru, kuma bai kamata karatunta ya zama kuɗin da ake biya don wani ya ci gaba da nasa aikin ba.

A gaya wa shugaban aiki gaskiya

Mutane da yawa suna ɓoye cewa akwai yara a gidan don tsoron a ce ba su da himma. Ɓoyewar ce ke jawo rikici, don ranar da aka kira ba a samu mutum ba sai zargi ya shiga. Ya fi kyau a yi yarjejeniya tun farko, a rubuce: awowin da za a same ni, awowin da zan yi aiki ba tare da amsa waya ba, ranar da zan miƙa aiki, da kuma wanda zai biya kuɗin intanet. Ma'aikaciyar da ke da kwangila ta sani cewa dokar aiki ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, da hutun shayarwa har awa ɗaya a kowace ranar aiki cikin shekarar farko. Kasancewarta a gida bai soke wannan haƙƙi ba, kuma aiki daga gida ba ya zama madadin hutun haihuwa.

Wanda zai fara, ya fara da takarda da alƙalami kafin ya je kasuwa. Ya rubuta awowin da yaro ke barci, awowin da wuta ta fi ɗaukewa a unguwarsu, da sunan wanda zai riƙe yaron a kowane lokaci na aiki. Daga nan zai ga abin da ya kamata ya saya, kuma sau da yawa bai wuce ƙaramin batir, layi na biyu da na'urar sauraro ba. Ni dai washegarin ranar nan na kira mai gyaran wuta ya ɗaga soket da akwatin wifi sama da inda hannun yaro ke kaiwa, kuma taron ƙarfe goma ya koma lokacin da ɗiyata ke wurin kakarta.